Dan Allah a taimaka, fatar gefen idona sai bushewa da ɓarewa take

Maman Ilham, Unguwan Dosa:
Assalamu alaikum mutanen gida. Tunda hunturun nan ya shigo fatar saman idona da ta ƙasa sai bushewa take tana ɓarewa fari-fari, ƙaiƙayi kuwa ba'a magana musamman da daddare, har wurin ya fara duhu ana tambayata ko bana samun barci ne. Dama tun ina yarinya ina da kirci a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu amma bai taɓa hawowa fuska ba. Naje kemis aka bani irin man nan mai haɗi uku akace safe da yamma, yayi sauƙi kam amma ina dainawa ya dawo har yafi da. In cigaba da shafawa ne ko ya zanyi?

Hajiya Yar Kawo:
Wa alaikumussalam, sannu ƴata Allah ya baki lafiya. Ki nemi man kaɗanya tsantsa wanda ba'a zuba mai turare ba, a Kasuwar Barci ma ana samu. Kuma in da sabulun salo kike wanke fuska ki ajiye shi har sanyi ya wuce, yana tsotse maiƙon fata sosai.

Anti Nas:
Maman Ilham dan girman Allah ki tsaya da man kemis ɗin nan tukun, ki juya kwalin ki karanta, kusan duk masu haɗi ukun nan akwai betamethasone ko clobetasol a ciki, su kuma magungunan sitiroid ne masu ƙarfi da ba'a yisu dan fatar ido ba. Fatar murfin ido ita tafi ko'ina siranta a jikin mutum, kaurinta bai kai milimita 1 ba, to maganin shiga yake sosai, in aka daɗe ana shafawa fatar ta ƙara sirancewa, sannan yana iya ɗaga hawan ruwan cikin ido ya kai ga gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani, ko ya kawo yanar ido, ita kuma gilakoma bata sallama, sai gani ya fara tafiya mutum zai ankara. Wannan dawowar da yayi da ƙarfi bayan kin daina shima halin sitiroid ne, kar ya ruɗe ki ki koma.

Ni abinda nake gaya wa mutane basilin, farin nan mara ƙamshi, ba mai ƙamshin jarirai ba. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai tururi ba duk da nasan sanyin asubar Kaduna ba wasa bane, ki ɗan dadanna da tawul kar ki goge, tun fatar na da danshi ki shafa kaɗan da ɗan yatsa. In ƙaiƙayi ya taso ki ɗora tsumma mai tsabta da kika jiƙa da ruwan sanyi, sosawar ce ke sa wurin kauri da duhu, kuma a fatarmu duhun yana ɗaukar watanni kafin ya washe ko bayan an warke, kar wata ta sa ki shafa man bilicin akai.

Sai kije kiga likitan fata, a asibitin Barau Dikko ko asibitin Shika na Zariya. Wani lokacin suna bada hydrocortisone 1% na ƴan kwanaki kawai, ko tacrolimus wanda shi ba sitiroid bane, yana ɗan yin zafi-zafi a kwanakin farko kuma da tsada gaskiya. In kin daɗe kina shafa na kemis ɗin ki biya Cibiyar Ido ta Ƙasa dake hanyar Mando a auna miki idon.

Abu Khalil:
Ni dai tambayata kina sa kwalli? Kuma ya maganar turaren wuta? Dan matanmu sai a rufe ɗaki ruf a turnuƙe shi da hayaƙi ace sanyi akeyi. Madam ɗina sai da ta daina sa gashin idon kanti sannan nata ya lafa, ashe gam ɗin ne.

Hajiya Yar Kawo:
Kai Abu Khalil bar kwalli dan Allah, iyayenmu da kakanninmu shi suka sa har suka tsufa ras da idonsu.

Maman Ilham, Unguwan Dosa:
Nagode sosai Allah ya saka da alkhairi. Anti na duba, betamethasone ne a jiki wlh. Kwalli ina sawa kullum, turare kam ba'a magana 🙈 To alwala fa, in na shafa basilin ai wanke shi zanyi sau biyar a rana?

Anti Nas:
Eh, shiyasa zaki ajiye ƙaramin kwalba kusa da sallayarki, kina idar da alwala ki dadanna ki shafa siriri, jiƙewa da bushewa a iskar nan ba tare da mai ba shi ke tsattsage fata. Hajiya kiyi haƙuri amma kwallin kasuwa wani akwai dalma a ciki, kuma ko mai kyau ne ba'a zizara shi akan fatar da ta fashe ba. Maman Ilham ta ajiye kwalli, hoda, jan farce da baƙin lallen nan na kanti kamar sati 3 zuwa 4, hannu ne ke kai su ido bata sani ba, in ta warke sai ta dawo dasu ɗaya bayan ɗaya ta gano wanne ne bai karɓe ta ba. Amma in kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso da zafi, ko ɓawon burodi-burodi mai ruwan ɗorawa, ko idon kanshi yayi ja yana ciwo ko gani ya dushe, wannan kar ki jira ranar kilinik, a ranar zaki tafi asibiti.