Hoton PSMA PET kafin maganin sankarar furostet: waɗanda suka yi su faɗa mana

Ɗan majinyaci, Kano:
Assalamu alaikum. An tabbatar wa mahaifinmu da sankarar furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), makin Gleason ɗinsa, wato ma'aunin tsananin sankarar, 8 ne. Hoton CT da na ƙashi ba su nuna ta yaɗu ba, amma likita ya ce kada a yi tiyata sai an ɗauki hoton PSMA PET, wani hoto na musamman da ke nuna inda sankarar take a jiki, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Iyayenmu da yayyenmu da suka bi wannan hanya, shin hoton ya canza muku magani?

Malamin makaranta mai ritaya, Zariya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya. Ni har an sa mini ranar tiyata kafin a ɗauki hoton. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari da ke maƙalewa a jikin ƙwayoyin sankarar, sai su yi haske a na'ura. Likita ya juyo mini da fuskar kwamfuta, ya nuna mini ɗigo biyu a kaluluwar ƙugu, waɗanda CT ya wuce su saboda shi da girma yake gane kaluluwa mai ciwo, su kuwa ba su kumbura ba. Daga nan aka fasa tiyata, aka koma gashi da haske wanda aka faɗaɗa ya haɗa da kaluluwar, tare da allurar rage sinadarin maza ta shekara biyu. Allurar tana sa zufa da dare da kasala, amma na gamsu cewa an kai magani inda ciwon yake.

Matar majinyaci, Jos:
Mu kuma hoton ya nuna ɗigo ɗaya a haƙarƙarin maigidana, hankalinmu ya tashi ƙwarai. Likitoci ba su yi gaggawa ba, domin sun ce haƙarƙari yakan yi haske ko babu sankara. Da aka sake bincike aka ga tsohon rauni ne, aka yi tiyatarsa kamar yadda aka tsara.

Ma'aikacin jinya, Kaduna:
Malam da Hajiya duk sun faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Binciken proPSMA da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2020, ya duba maza 302 masu sankara mai haɗari: daidaiton PSMA PET ya kai kashi 92, na CT da hoton ƙashi kashi 65, kuma an canza shirin magani ga kashi 28 na waɗanda aka fara yi musu PET. Makin Baba na 8 ya sa shi cikin irin waɗannan maza, don haka shawarar likitan tana da tushe. Ɗan'uwa, ka tambaye shi abin da zai yi idan hoton ya fito fes, da abin da zai yi idan aka ga ɗigo a kaluluwa ko a ƙashi, sannan ka tabbatar wanda zai karanta hoton ƙwararre ne a kansa.