Shan gaban mota a hannun da ba ka saba ba

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Kenya, inda ake tuƙi a hannun hagu, ni kuwa tun da na koyi mota a dama nake. Waɗanda suka taɓa tuƙi a hannayen biyu, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku, musamman wajen shan gaban mota.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kan sitiyari lokacin da Najeriya ta koma hannun dama a 1972. Cikin cunkoso ba a shan wahala, don kana bin na gabanka ne. Inda hannu ke komawa tsohon sabonsa shi ne titin da babu kowa, da asuba, ko sa'ad da ka fito daga gidan mai. Abin da ya fi ba mu wuya kuwa, motocinmu na da sitiyari a dama, sai direba ya koma gefen daji. Kana bayan babbar mota ba ka ganin komai sai bayanta. Wasu kan sa yaron mota ya leƙa musu. Ni ban yarda da idon wani ba, sai in ja baya sosai har titi ya buɗe mini, sannan in fita.

Maman Yara: Baba ya yi gaskiya. Na yi tuƙi a Ingila, kuma abin da ya taimake ni ɗaya ne: jikina ya kasance kusa da layin tsakiya. Wanda ya saba da dama motarsa takan yi ta zamewa hagu bai sani ba, har taya ta goge dakalin gefen titi, ko madubi ya taɓa motar da aka ajiye. Na riƙa duba madubin hagu a kai a kai har idona ya gane faɗin motar. Ta dama za ka sha gaba, ka dawo hagu da zarar ka wuce. A shataletale kuma ta hagu ake shiga, mai zuwa daga damanka shi ke da hanya.

Malamin Tuƙi: Ɗalibaina na kan sa su lissafi kafin su taka totur. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan mai tahowa ma haka yake gudu, tazarar da ke tsakaninku na raguwa da kusan mita 56 kowace daƙiƙa. Shan gaban da zai ɗauke ka daƙiƙa 10 ke nan yana bukatar fiye da rabin kilomita da kake gani fayau. Shi ya sa kwana, hawa, gada da mahaɗar hanya ba wurin gwaji ba ne, haka ma inda layin tsakiya bai yanke ba.

Direban Tirela: Bari in ƙara, Malam. Daga sama nake kallonku, kuma wallahi wanda ya manne wa bayana ba na ganinsa. In ba ka ga madubina ba, ni ma ban gan ka ba. Kada kuma ka dogara da siginar da direban babbar mota ya kunna maka. A wani wuri tana nufin ka wuce, a wani tana nufin ka tsaya, wani kuma kwana zai sha. Bayan ka wuce, kada ka yanko gabana sai ka ga fitilun gabana biyu a madubinka na ciki. Da kaya a baya, birkina ba ya kamawa nan take.

Mai Keke: Ku tuna da mu. Tun 2022 ƙa'idar hanya ta Birtaniya ta ce a bar wa mai keke aƙalla mita 1.5. Baƙon direba ya fi ba ni tsoro, don ɓangaren da nake shi ne wanda bai iya auna shi ba tukuna. Iskar motar kaɗai na iya kayar da mutum.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, giya fa? Da hannun hagu zan riƙa sa ta ke nan?

Maman Yara: E, da hagu. Kuloci, birki da totur dai jerinsu bai canza ba. In da hali, ka fara da mota mai giya otomatik, hankalinka ya tattaru a kan titi.