Ƙwaron wake ya daina jin ƙwaya ne, ko jabu ake sayar mana?

Mai_Sito: Salam jama'a, dan Allah masu ajiyar wake ku taimaka. Da in na sa ƙwayar Phostoxin a buhu hankalina kwance har bazara, amma bana ko wata biyu ba a yi ba na buɗe na tarar ƙwaro na yawo wake duk ya huhhuje, na ƙara ƙwaya ma abin bai canza ba. Maganin ne ya lalace ko me?

Malamin_Gona: Wa'alaikumus salam Alhaji. Jabu akwai kam, amma yawanci matsalar wajen rufi take. Ƙwayar nan iskar gas take fitarwa, fosfin, kuma sai ta zauna cikin waken kamar kwana 7 babu inda take zurarewa. In ka jefa ta a buhun da iska ke ratsawa, manyan ƙwari za su mutu ka ɗauka aiki ya yi, alhali ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar wake suna nan da rai, cikin sati 3 zuwa 4 sun fito. To waɗanda suka sha gas kaɗan suka rayu su ne ke hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar, shekara bayan shekara haka har magani ya daina cin su. Tun shekarun 1970 binciken FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gano irin wannan juriya a ƙwarin hatsi. Ƙara yawan ƙwaya ba zai gyara ba muddin gas na fita, sai dai tamfol mai kauri ko duro mai murfi a liƙe ko'ina.

Hajiya_Mai_Wake: Alhaji ni dai na koma buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu a waje. Ka shanya wake ya bushe sosai, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba magani ko ɗigo. Ka dai kiyaye ɓera kar ya huda.

Dan_Dawanau: Gaskiya ne Hajiya. Kuma dan Allah kar takaici ya sa wani ya koma zuba maganin ƙwari na Sniper, dalilin irinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015, kuma mu ne ke cin abin a ƙosai da alala. Ita ma ƙwayar kar a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, gas ɗin na kisa wallahi.

Mai_Sito: Na gode ƙwarai. Malam, waken da ƙwaro ya riga ya shiga fa, in na juye shi a PICS yanzu zai tsaya?