Tambaya kan Thomas Flyer, motar alfarmar da ta ci tseren New York zuwa Paris

Makaniken Zango:
Assalamu alaikum. Ni makanike ne a nan Damagaram, kuma yawancin motocin da ke shigowa garejinmu masu bin hanyar Tanut da Agadas ne, saboda haka na san irin ɓarnar da rairayi da gargada suke yi wa ƙarfe. Jiya wani yarona ya nuna mini hoton wata tsohuwar motar Amurka mai suna Thomas Flyer, ba rufi, ba gilashin gaba, ƙafafunta kuma na katako. An ce motar masu hannu da shuni ce ta yawon buɗe ido. To, yaya aka yi motar jin daɗi ta ratsa ƙasashen da ko hanya babu?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kamfanin E. R. Thomas ne ya ƙera ta a birnin Buffalo da ke jihar New York, kuma kuɗinta ya haura dala 4,000, alhali Ford Model T da ta fito a 1908 dala 850 ake sayar da ita. Ranar 12 ga Fabrairu, 1908, motoci shida suka tashi tseren zuwa Paris daga dandalin Times Square na birnin New York cikin tsananin hunturu: uku na Faransa, ɗaya ta Jamus, ɗaya ta Italiya, sai wannan ta Amurka. Ta kai San Francisco cikin kwana 41, aka ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa Alaska, amma dusar ƙanƙara ta hana wucewa, sai aka juyo da ita, aka bi ta Japan da Vladivostok ta ƙasar Rasha, ta keta Saibiriya har Paris, inda ta shiga ranar 30 ga Yuli. Motar Jamus, Protos, ta riga ta isa da kwana huɗu, sai dai an yi mata tarar kwanaki domin an ɗauke ta a jirgin ƙasa a wani yanki na Amurka, an kuma cire wa Thomas kwanakin da ta ɓata a tafiyar Alaska daga lissafi. Da haka nasara ta zama tata.

Tsohon Direba:
Ɗana, ina ganin kalmar alfarma ce ta rikita ka. A wancan zamani abin da attajiri yake saye da kuɗinsa shi ne ƙarfi da ƙarko, domin da zarar ya bar gari, laka da ramuka ne a gabansa. Injinta silinda huɗu ne manya masu ƙarfin doki 60, sarƙa ce ke juya ƙafafun baya, cikinta kuma ya yi nesa da ƙasa. Da hannu ake murza ƙarfe a gaba kafin ta tashi, tunda sai a 1912 Cadillac ta fito da abin tayarwa na lantarki. Kuma kada ka manta da mutumin da ke ciki. George Schuster makaniken kamfanin ne, shi kaɗai ne cikin ayarin Thomas ya yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe, yana tuƙi yana gyara. Na yi shekaru ina jan babbar mota zuwa arewa, na kuma ga yadda mota mai sauƙin haɗi take fitar da mutum daga daji idan akwai wanda ya san cikinta.

Malam Mai Tarihi:
Gaskiyarka, Baba. A 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin mulkin mallakar Nijar, ayarin motocin kamfanin Citroën na Faransa da ya taso daga Aljeriya ya biyo ta nan zuwa tafkin Chadi, amma da motoci masu bel a baya da aka ƙera musamman domin rairayi. Thomas kuwa irin wadda ake sayar wa kowane mai kuɗi ce. Duk da wannan suna, kamfanin ya durƙushe a 1912. Motar tana nan a gidan adana motoci na birnin Reno a jihar Nevada, kuma a 1964 Schuster, yana da shekara fiye da 90, ya tabbatar da cewa ita ce bayan ya ga gyare-gyaren da ya yi mata da hannunsa.

Makaniken Zango:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba. Zancen Schuster ya ratsa ni, domin ni ma ina gane waldata a ƙarƙashin mota ko bayan shekara goma. Gobe da safe, kafin mu buɗe akwatin sifana, zan tara yaran gareji in karanta musu wannan bayani.