Man oud ɗin da aka ba ni warin garke yake, ko jabu ne?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a. Yayana ne ya ba ni tsarabar man oud, 'yar kwalba rubu'in tola, yana ta kurantawa wai na asali ne ba haɗi. Ina buɗewa na kai hanci, wallahi sai da na kau da kai, kamar na shiga garken shanu da damina, ga wani bashi-bashi irin na fatar da ba a gama jima ba. Ni oud ɗin da na saba da shi na turaren fesawa ne, mai daɗi tun daga fesar farko. To wannan lalacewa ya yi ko cutar yayan nawa aka yi? Kunyar tambayarsa nake.

Mai_Hanci:
Wa alaikumus salam. Hhh ƙanina kar ka zubar, da alama Hindi aka ba ka, na yankin Assam a Indiya ko Sylhet a Bangladesh, su ne suka yi suna da wannan warin. Bishiyar da ake samun oud daga jikinta Aquilaria sunanta, kuma lafiyayyiya ba ta da wani ƙamshi, sai ta ji rauni funfuna ta shige ta sannan take fitar da ƙaro mai duhu don kare kanta, shekara da shekaru yana taruwa a cikin itacen. Masu tatsar man sai su niƙe itacen su jiƙa shi a ruwa, wani lokaci makonni, ya ɗan ruɓa kafin a dafa a tattara man daga tururi. Wannan jiƙon ne kake shaƙa. Na fesawan da ka saba da shi kuwa yawanci sinadari ne aka kwaikwaya.

Uwar_Biyu:
Kuskurenka shaƙa daga bakin kwalba. Ɗan tsinken nan za ka ɗiga a wuyan hannu, ɗigo ɗaya tak, kar ka murza, ka manta da shi kamar rabin awa. Nawa farkon nan mijina cewa yake in fita masa daga ɗaki, amma in ya lafa sai wani zaƙi ya taso kamar zuma da busasshiyar ciyawa, can da yamma ya koma itace zalla mai ɗumi, washegari ma ina jinsa a bakin mayafi. Ni wannan na ƙarshen nake so, saboda shi nake haƙuri da na farkon. In ka kasa jurewa nemi na Kambodiya ko Tailan, su zaƙinsu na 'ya'yan itace ne, ba sa faɗa da hanci.

Dattijo_77:
Ni dai ban yarda wari shi ne shaidar asali ba. Akwai masu tsawaita jiƙon itace mara ƙaro sosai don ya yi ƙarfi, mai saye ya ɗauka babban kaya ne. Abin dubawa shi ne yana canzawa ko a'a, in bayan awa 3 garken ne dai ba abin da ya biyo baya to man ba shi da kyau. Kuma duk wanda ya ce maka nasa na daji ne ka yi taka-tsantsan, tun 1995 Aquilaria malaccensis take cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda sare ta da aka yi, yawancin na kasuwa yanzu daga gonaki ne inda ake huda bishiyar da gangan. Na gona ba laifi ba ne, ƙaryar ce ba na so. Af, oud ɗin nan shi ne fa aluwwa da ya zo a Sahihu Muslim cewa Ibn Umar yana turara shi, sai dai can itacen ne ba man ba.

Sabon_Shiga:
Na gode Baba, na gode Anti. Na ɗiga tun bayan azahar, yanzu la'asar ta wuce shanun sun tafi, wani abu nake ji kamar tsohon akwatin katako da zaƙi-zaƙi a ƙasa. Sai kai hannu hanci nake kamar wani zautacce. Yanzu kwalbar a ina zan ajiye, firij ko durowa?

Mai_Hanci:
Durowa, inda ba rana ba zafi, ka rufe bakin sosai.