Ina son kai Inna Ganbiye, wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Adar, Bukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata mai kamawa zan sauka Kwatano sarin kaya a kasuwar Dantokpa, kuma Inna ta ce wannan karon ƙafarta ƙafata. Shekararta 63, duk a ƙauyenmu na bayan Tawa ta yi su, inda guga ke cinye igiya gaba 20 kafin ya taɓa ruwa. Tun ranar da ƙanena ya nuna mata hoton Ganbiye a waya, garin nan na ƙasar Benin da aka kafa bisa turaku a tsakiyar ruwa, ba ta da zance sai nasa. Cewa take sai ta ga yadda mace ke hura wuta ruwa na wucewa ƙarƙashin murhunta. Kwana 2 gare ni bayan sari. Gwiwa na damunta, kuma ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba. Za ta iya? Mu kwana can ko mu juyo?

Tsohon Direba, Wadata:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ganbiye ba ita ce wahalar ba, hanyar ce. Yamai zuwa Kwatano ya kai kilomita 1,000: Doso, Gaya, Malanbil, Kandi, Paraku. Kuma tun da aka rufe gadar iyaka a 2023, da kwale-kwale muka riƙa ƙetare kogi a Gaya, to ka bincika halin da ake ciki kafin ku tashi. Ku yada zango a Paraku, kar ka ja ta a zaune dare da rana. Jirgin Ganbiye a Kalabi ake shigarsa, arewa da Kwatano kaɗan. Ɗauki mai inji da rumfa.

Maman Ƴan Biyu, Tawa:
Ƙanena, ka kai ta. Ni ma ƴar tudu ce, ranar da muka je na riƙe gefen jirgi har yatsuna suka sage. Amma tafkin Nokuwe, inda garin yake, ba zurfi gare shi ba, da gora ake tura jirgi a wurare da yawa, kuma ba shi da igiyar ruwa irin ta teku. Wajen shiga da fita ne za ka kula da gwiwarta. Katakon matakala na da santsi, ka sa mutum biyu su tare ta, ta cire silifa.

Ku yi sammako don kasuwa. Mata ne zaune cikin jirage, kowace da faffaɗar malfa, wannan tumatir da tattasai, waccan itacen girki, ciniki daga jirgi zuwa jirgi. Na ga yarinya da ba ta fi shekara 7 ba tana tuƙa nata ita kaɗai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin famfo. Ruwan tafkin da gishiri, ba ya shawuwa, sai ga jirage sun yi layi cike da jarkoki da duro, mata na jiran a zo kansu. Wallahi sai da na yi hawaye, na tuna layin rijiyarmu da rani. Inna za ta gane wannan wurin fiye da kowa.

Kwana kam ban ba ka shawara ba. Akwai masauki, amma sauro da danshi ba na tsohuwa ba ne. Kuma kar a ɗaga waya a fuskar mutane ba a tambaye su ba, suna jin zafin abin.

Malamin Lakwal, Yantala:
Yaya, ka ba ta labarin garin kafin ku isa. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi, gudun mayaƙan ƙabilar Fon masu kama bayi, waɗanda al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa. Idan kuka ga rassan itace an kakkafa kamar shingen gona, akaja ke nan. Ganyen na ruɓewa, kifi ya taru ya ci ya hayayyafa, daga baya a kewaye da taru a kwashe. Kowane shinge da mai shi.

Ɗan Adar, Bukoki:
Na gode Baba, na gode Yaya, Malam Allah ya ƙara sani. Na karanta wa Inna a waya. Da na zo kan famfo ta yi shiru, can ta ce in tambaya ko matan na jin Hausa, tana son ta yi musu sannu da aiki. Paraku za mu kwana, in sha Allahu.