"Motsi ya fi laɓewa": maganar kasuwa ce kaɗai, ko ta shiga ajin bayoloji?

Ɗalibar Barnawa: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina aji ɗaya a jami'a, muna darasin yadda jini ke zagaya jiki. Malaminmu ya ce zuciya na tura jini zuwa ƙafa, amma dawo da shi sama ba aikinta ba ne ita kaɗai. Duk takun da mutum ya yi, tsokar sharaɓa na matse jijiyoyi, a cikinsu kuma akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa ta sama kawai, jinin da ya wuce ba ya komawa ƙasa. Ina jin haka sai "motsi ya fi laɓewa" ya faɗo mini. Zan iya buɗe aikin da aka ba mu da shi?

Dattijon Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yata. Mu dai a bakin masu nema muka san wannan magana. Ka iske mutum da ɗan tirensa na goro a Kasuwar Barci, ka ce yaya kasuwa, ya ce motsi ya fi laɓewa. Nufinsa ƙaramar sana'a ta fi zaman jiran a ba ka. Babu jini a ciki, babu tsoka. Ina tsoron ranar da yara za su ɗauka maganar motsa jiki ce, su manta da mutuncin mai nema.

Malamin Kawo: Baba, ma'anar da ka kawo ita ce asali, ba na ja. Sai dai karin magana riga ce, wanda ta yi wa daidai ya sa. Ina koyar da wannan darasi a sakandare, kuma abin da ya fi ba yara wuya shi ne yarda cewa jinin nan, wajen lita 5 a jikin babba, shi ne dai ke ta kewayawa. Masana ma sun daɗe kafin su gane. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini na bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya nuna zagayen gaba ɗaya. Gwajinsa har yau nake yi a aji: a ɗaure damtse ba da ƙarfi ba, jijiyoyi su taso, a danne guda da yatsa a shafe jinin zuwa sama. Wurin zai zauna fayau, ba ya cika sai an ɗaga yatsan. In karin magana zai sa yaro ya riƙe wannan, ni ina so.

Ɗan Rigasa: To wanda ya karye fa, Malam? Maɗori cewa yake kada ka motsa. A nan laɓewa ta fi.

Nas daga Malali: Ƙanena, ƙashin ake hana wa motsi, ba mutum duka ba. Mai filasta ma muna ce masa ya riƙa motsa yatsu. Wanda aka yi wa tiyata kuwa, da likita ya ba da izini muke tayar da shi ya taka, don doguwar kwanciya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe hanyar huhu. Wannan kisa yake yi, shi ya sa ba na wasa da shi. Ku tuna yaran da ke yanke jiki su faɗi a fareti a Dandalin Murtala: tsayuwa ƙyam cikin rana ke tara jini a ƙafa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta.

Dattijon Tudun Wada: Hajiya, na ji, kuma zan riƙa miƙe ƙafa in na yi doguwar tafiya a mota. Amma 'yata, in za ki rubuta, fara da mai goron. Ki faɗi inda Bahaushe ke faɗin maganar, sannan ki ce kin aro ta.

Ɗalibar Barnawa: To Baba, haka zan yi. Malam, gwajin nan da ɗankwali zan ɗaure ko da igiyar roba?

Malamin Kawo: Ɗankwali ya isa. Ki tabbata kina jin bugun jini a wuyan hannu, kuma kada ɗaurin ya wuce minti ɗaya.